Yadda Wasan Kwamfuta Ya Farfaɗo Da Filin Tseren Da Ciyawa Ta Cinye

A watan Disamba na 2019, cikin sanyi da yayyafi, wasu mutane suka taru a wani tsohon filin tseren motoci da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, wannan da shebur, wancan da injin yankan ciyawa. A cikinsu akwai Dale Earnhardt Jr., tsohon direban tsere da duk mai bin gasar NASCAR ya san sunansa. Filin da suke sharewa, North Wilkesboro, rabonsa da babbar gasa tun 1996. Ciyawa ta tsattsage kwalta ta fito, kujerun 'yan kallo sun yi tsatsa, rufin wasu gine-ginen ya rufta.

Ba gyara ne ya kawo su ba. So suke kawai su share kwaltar ta fito fili, don ma'aikatan iRacing, wani wasan tseren motoci na kwamfuta, su auna ta da na'urar leza su adana siffarta kafin ta ƙarasa lalacewa. Kamar dai yadda kake kwashe hotuna daga tsohuwar wayar da ka ga alamar ta kusa mutuwa.

Shekara uku da rabi bayan nan, ranar 21 ga Mayu, 2023, a wannan filin aka yi tseren taurarin NASCAR, kujeru cike da jama'a, wanda ya zo na ɗaya ya tafi da dala miliyan 1.

Ni mai rubuta manhaja ne, kuma ta wannan ƙofa na shiga labarin. Da na bi diddiginsa sai na tarar shi kansa tseren taurarin ya fi kama da aikinmu fiye da yadda na zata.

Wace irin gasa ce?

Idan an ce tseren motoci, yawancinmu Formula 1 ce ke zuwa mana a rai: ƙananan motoci masu tayoyi a waje, kan hanya mai kwanoni hagu da dama. NASCAR daban take. An kafa ta a 1948 ƙarƙashin Bill France, kuma motocinta na da siffar motar gida, irin wadda za ka gani a wurin dillali. A farkon lamari ma motocin gida ne na gaske, ake ɗan yi musu gyara a shiga tsere da su. Yau siffar ce kawai ta rage. Kamfanoni uku ne ke ciki, Chevrolet da Ford da Toyota, amma abin da ke ƙarƙashin jikin Camry ɗin tsere bai haɗa komai da Camry ɗin da ke kan titi ba.

Yawancin filayen gasar zagaye ne mai siffar ƙwai, kuma hagu kawai ake juyawa. Nan ne masu zolaya ke cewa ai wannan ba tuƙi ba ne, kowa ma zai iya. Ni ma na faɗi haka. Sai ka duba yadda ake haɗa motar: tayoyin dama sun ɗan fi na hagu girma, don motar ta riƙa karkata hagu da kanta, yadda kofi mai faɗin baki ke yin kwana idan ka gangara shi a ƙasa. Kwanonin filin a jingine suke, gefen waje ya fi tudu. Kuma motoci kusan 40 ne ke bin juna da tazarar da ba ta kai tsawon hannu ba, kowa na neman layin da tayarsa za ta fi kama ƙasa, layin kuma yana canjawa yayin da roba ke taruwa a kan kwalta.

A kakar wasa guda ana yin tsere 36 masu maki. Tseren taurari ba ya cikinsu. Babu maki ko ɗaya, kuɗi ne kawai da suna. Masu shiga su ne waɗanda suka ci tsere a bana ko bara, da tsofaffin zakarun gasar da na tseren taurarin da ke tuƙi har yanzu. Sauran kuma, a tsarin da aka bi har zuwa 2025, sai su fafata a wani ƙaramin tsere kafin babban, a ɗauki na gaba-gaba, sannan a ƙara mutum ɗaya da 'yan kallo suka zaɓa.

Ɗakin gwaji

Na taɓa tura sabon gyara kai tsaye zuwa manhajar wani mai shago ba tare da na gwada a gefe ba. Ranar kasuwa ce. Lissafin kayansa ya rikice, na kwana ina gyara, kuma har yau idan mun haɗu sai ya tuna mini. Daga ranar na koyi abin da kowane mai manhaja ke koya da wuya: a samu wurin da za a fasa abu ba tare da an yi asara ba.

Tseren taurari shi ne wannan wurin ga NASCAR. Tunda babu maki, idan sabuwar doka ta ƙi aiki, ba wanda ya rasa kambu saboda ita. Amma kuma direbobin na gaske ne, gudun na gaske ne, kuma dala miliyan ɗaya ta isa ta sa kowa ya taka da gaske. Gwaji ba ya samun yanayi mafi kyau daga wannan.

An fara shi a 1985 a filin Charlotte, Darrell Waltrip ya ci, injinsa kuma ya fashe yana tsallake layin ƙarshe. Har yau akwai masu cewa da gangan aka fasa shi don kada masu bincike su ga abin da ke ciki. Zargi ne, ba a tabbatar ba. A 1992 aka kunna fitilu a Charlotte aka yi tseren da dare, abin da mutane da yawa ke ganin ba zai yiwu ba a fili mai tsawon mil ɗaya da rabi, saboda tsoron haske zai kashe wa direbobi ido. Kamfanin Musco ne ya yi aikin, da madubai masu karkatar da hasken zuwa kan kwalta. Daren ya ƙare da Davey Allison da Kyle Petty suna gogayya har layin ƙarshe. Allison ya riga shi, suka yi karo, ya bugi bango ya suma. A asibiti ya ji cewa shi ya ci. Bayan wannan daren, tseren dare a manyan filaye ya zama ruwan dare.

Wanda ya fi burge ni shi ne na 1997. Injiniyoyin ƙungiyar Hendrick, ƙarƙashin wani mai suna Rex Stump, suka zauna suka karanta littafin dokoki layi-layi, duk inda doka ta yi shiru suka yi abin da suka ga dama. Motar da ta fito, wadda ake wa laƙabi da T-Rex, Jeff Gordon ya tuƙa ta ya ci tseren cikin sauƙi. Ta tsallake bincike, ba a same ta da laifi ba. Duk da haka hukumar ta ce kada a sake kawo ta, aka kuma ƙara sababbin dokoki don toshe ƙofofin da ta bi. Duk wanda ya taɓa gano ɓaraka a wata manhaja, aka yi masa godiya sannan aka rufe ta washegari, ya san wannan yanayin.

Jera motoci biyu-biyu da na gaba a sahun farko idan za a sake tashi bayan tsaiko, a tseren taurari aka saba yinsa kafin a mayar da shi doka a duk gasar a 2009. A 2018 aka gwada rage ƙarfin inji tare da sauya yadda iska ke bin jikin mota don motoci su dunƙule wuri ɗaya, kuma a kan wannan gwajin aka gina tsarin 2019, wanda direbobi da yawa suka yi ta ƙorafi a kansa. A 2020, a filin Bristol, aka gwada abu uku a dare ɗaya: bai wa direba damar zaɓar layin da zai tashi, matsar da lambar mota daga tsakiyar ƙofa, da saka fitilu masu launi a ƙarƙashin mota. Zaɓen layi ya zama doka cikin 'yan makonni. Lambar ta koma wurinta, daga baya a 2022 aka matsar da ita gaba. Fitilun kuwa, gara da aka bar su a nan. Sun mayar da motar tsere kamar Keke Napep ɗin da aka yi wa ado ranar Sallah.

Yadda filin ya mutu, da yadda ya tashi

An buɗe North Wilkesboro a 1947, shekara guda kafin a kafa NASCAR ɗin kanta. Yankin ya yi suna wajen dafa barasa ta haramtacciyar hanya, kuma masu safararta da dare, waɗanda ke ƙara wa motocinsu ƙarfi don tsere wa jami'ai, suna cikin direbobin farko na gasar. Junior Johnson, ɗan yankin, ya yi zaman kurkuku a kan wannan sana'a kafin ya zama gwarzon tsere. Tsawon filin 0.625 na mil ne, kusan kilomita ɗaya, kuma yana da wata baƙuwar siffa: miƙaƙƙen sashen gaba gangara ne, na baya kuma hawa.

Da Enoch Staley, wanda ya gina filin, ya rasu a 1995, sai attajirai biyu, Bruton Smith da Bob Bahre, suka mallaki rabi-rabi. Abin da suke so shi ne ranakun tseren filin guda biyu, suka kuma kwashe su: ɗaya zuwa Texas, ɗaya zuwa New Hampshire, inda kujeru da kuɗi suka fi yawa. Jeff Gordon ya ci tseren ƙarshe a watan Satumba na 1996. An ɗan sake buɗe filin ga ƙananan gasa a 2010, bai yi nisa ba aka rufe a 2011.

To me na'urar leza ke yi? Ana kafa ta a kan ƙafafu uku, ta riƙa harba haske ko'ina tana auna nisan duk abin da hasken ya taɓa. Kowane awo ɗigo ne guda mai matsayinsa a sarari. A matsar da ita gaba a sake, har a zagaye filin. A ƙarshe ana samun miliyoyin ɗigo waɗanda idan aka haɗa su sai siffar wurin ta fito, da kowane tudu da kowace tsaga a kwalta. Irin wannan fasahar ce, a ƙaramin sikeli, ke bayan wasu wayoyin iPhone Pro, kusa da kyamara. Shi ya sa sai da aka cire ciyawar: na'urar ba ta san bambancin ciyawa da kwalta ba, duk abin da ta tarar shi za ta auna.

Masu zanen iRacing suka ɗora hoto a kan wannan ƙwarangwal, suka mayar da filin yadda yake a 1987. Sai kuma annobar korona ta zo a watan Maris na 2020, aka dakatar da wasanni, NASCAR ta zaunar da direbobinta a gida suna tsere a iRacing ana haskawa kai tsaye a talabijin. Tseren ƙarshe na wannan jerin, a watan Mayu na 2020, a North Wilkesboro na kwamfuta aka yi shi, Denny Hamlin ya ci. Matasan da ba a haifa ba lokacin da aka rufe filin suka gan shi, tsofaffi kuma suka tuna.

Kada in yi wa kwamfuta yabon da ya wuce nata. Mutanen yankin sun shafe shekaru suna fafutukar a ceto filin, kuma abin da ya gyara bututun ruwa da wutar lantarki kuɗi ne: dala miliyan 18 da jihar ta ware a kasafin 2021 daga tallafin farfaɗowa bayan korona. Amma kafin ɗan siyasa ya sa hannu a irin wannan kuɗi, sai ya ga akwai masu so. Wasan ne ya nuna cewa akwai su. A 2022 Marcus Smith, ɗan wancan Bruton da ya kwashe tseren, ya tsaya tare da hukumar NASCAR aka sanar cewa tseren taurari na shekarar cikarta 75 a nan za a yi shi.

Ba a wannan filin kaɗai iRacing ta taka rawa ba. Hanyar tseren cikin birnin Chicago an fara gwada ta a wasan a 2021, kafin a rufe titunan gaske a 2023. William Byron kuma, wanda ya ci Daytona 500 a 2024 da 2025, a gaban kwamfuta ya fara koyon tsere yana yaro.

Abin da ke cikin motar

Motar da ake amfani da ita tun 2022 ana kiranta Next Gen. Injinta V8 ne mai lita 5.86, giya biyar da ake ja gaba da baya a jere kamar na babur, kowace taya kuma da goro guda ɗaya a tsakiya maimakon biyar na da, abin da ya sa ake canja tayoyi huɗu cikin kusan daƙiƙa goma. Akwai kyamara a baya mai nuna wa direba abin da ke biye da shi a allo.

Abin da babu shi ne agogon nuna gudu. Akwai iyakar gudu a layin da ake tsayawa canjin taya, amma direba da juyin inji da wasu fitilu a allonsa yake kintatawa, na'urorin da aka binne a ƙarƙashin kwalta kuma na auna lokacinsa. Ya ɗan zarce, hukunci. Haka kuma bai iya waiwaye sosai saboda kujera da kwalkwali sun riƙe kansa, don haka kowane direba na da mutum a saman rufin filin yana faɗa masa ta rediyo wa ke gefensa.

Tun 2018 kuma akwai abin da ni nake ganin ya fi komai canja wasan. Bayanan kowace mota, inda direba ya taka totur, inda ya taka birki, yadda ya murza sitiyari, ana raba su ga dukkan ƙungiyoyi. Da can idan tsohon direba na da wata dabara a wata kwana, sirrinsa ne har ya yi ritaya. Yanzu yaro ɗan shekara 20 zai buɗe kwamfuta ya ɗora layinsa a kan na gwanin ya ga daidai inda ake barinsa. A duniyar manhaja muna son a buɗe komai kowa ya gani. A tsere kuwa sakamakon shi ne kowa ya koma tuƙi iri ɗaya, a mota iri ɗaya, wucewa ta yi wuya.

An ga hakan a daren da aka dawo. Kyle Larson ya sha hukuncin wuce iyakar gudu a farkon tseren 2023, aka mayar da shi baya. Da sababbin tayoyi a kan tsohuwar kwaltar da rabonta da sabuntawa tun 1981, mai cin roba kamar dutsen niƙa, ya ratso kowa, ya jagoranci zagaye 145 cikin 200, ya bar Bubba Wallace da fiye da daƙiƙa huɗu. Aka ɗaga motarsa da na'ura zuwa saman rufin gini, inda ake karrama zakara a wannan filin tun da can, aka miƙa masa kofi mai siffar tukunyar dafa barasa. Bikin ya yi kyau. Tseren kansa, gaskiya, bayan Larson ya kai gaba babu sauran abin kallo.

A 2024 aka shimfiɗa sabuwar kwalta, Goodyear kuma ta kawo gwaji: taya mai laushi da jan rubutu, wadda aka tsara ta fi gudu amma ta cinye da wuri, don a tilasta wa ƙungiyoyi yin lissafi. Ba ta cinye yadda aka so ba. Joey Logano ya jagoranci zagaye 199 cikin 200. Abin da ya yawata a wayoyi daga wannan daren shi ne naushin da Ricky Stenhouse Jr. ya kai wa Kyle Busch bayan tsere, wanda ya jawo masa tarar dala 75,000. Amma ba a watsar da gwajin ba; an sake kawo tayar a Richmond a wannan shekarar, a tsere mai maki, kuma can ta yi tasiri. A 2025 aka ba mai shirya tseren ikon tsayar da shi sau ɗaya a lokacin da ya ga dama, don a sake dunƙule motoci. Christopher Bell ya shiga ya canja taya, Logano ya zauna da tsofaffi, Bell ya wuce shi ya ci. An samu abin kallo, amma ni dai wannan dokar ba ta kwanta mini ba. Kamar alƙalin wasa ne ya ga ana cin wata ƙungiya biyu da nema, ya ce a koma a fara daga ɗaya da ɗaya.

Ƙuri'ar 'yan kallo

Gurbin da 'yan kallo ke zaɓa ta intanet shi ma ya taɓa koya wa masu tsara shi darasi. A 2014 kowa ya ɗauka Danica Patrick, wadda ta ci zaɓen a shekarar da ta gabata, ita za ta sake ci. Sai masu riƙe da kuɗin intanet na Dogecoin, waɗanda suka riga suka tara kimanin dala 55,000 suka ɗauki nauyin motar wani direba mai suna Josh Wise a Talladega, suka ɗaura ɗamara. Tsarin ya yarda mutum ya yi zaɓe sau da yawa, su kuwa suka zauna suna dannawa ba dare ba rana. Wise, na ƙaramar ƙungiyar da ko mai ɗaukar nauyi na dindindin ba ta da shi, ya shiga tseren taurari da hoton kare a jikin motarsa. Idan kana gina manhajar zaɓe, ko da ta gwanin aji ce, ka fara da tambayar sau nawa mutum ɗaya zai iya dannawa.

Ga mai son kallo daga nan: tseren taurari na North Wilkesboro, daga 2023 zuwa 2025, da ƙarfe 8 na daren gabashin Amurka aka riƙa fara shi, wato ƙarfe 1 na dare agogon Najeriya da Nijar. Sai dai in kana da data ɗin dare da ƙarfin hali. Shafin NASCAR na YouTube na saka taƙaitaccen bidiyo bayan an gama, akwai kuma tsofaffin tsere cikakku. Ka nemi zagayen ƙarshe na 1992, ka rage ingancin hoton zuwa 360, ba abin da za ka rasa tunda da kyamarar zamanin aka ɗauka. Shi kuwa iRacing ba na waya ba ne. Yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, da intanet da ba ya yankewa, da kuɗin rajista, kuma yawancin filaye da motoci daban ake sayensu.

A jadawalin 2026, an mayar da tseren taurari zuwa filin Dover da ke jihar Delaware. North Wilkesboro kuma an ba shi tsere mai maki a watan Yuli, na farko tun wanda Gordon ya ci a 1996.